Daga Garwa, Zuwa ga Mamana

Garwa, daren Litinin

Mamana,

Ya karatu, ya sanyi? Mu nan lafiya ƙalau, alhamdu lillahi. Ummanku tana gaishe ki, haka Kawu da Yayanki. Auta ya ce in rubuta miki cewa ya ga dorina da idonsa, kuma kada kowa ya riga shi faɗa miki. To, ga shi na sa masa ita a farkon takarda.

Na san ranki bai so aka yi tafiyar nan ba da ke ba, na gani a fuskarki ranar da na mai da ke makaranta. Masu biki a Ngaundere su suka sa ranarsu, ta kuma faɗo tsakiyar zangon karatu, ni kuwa ba zan ciro ki daga aji jarrabawa na matsowa ba. Abin da zan iya shi ne in zauna in ba ki labarin garin nan filla-filla, don a cikin 'ya'yana babu mai haƙƙi a kansa irinki. Nan aka haifi Hajiya, mahaifiyata, wadda kika ci sunanta. In na gama zan ɗauki hoton takardun in tura wa Gwaggonki ta waya, ta buga ta kai miki ranar ziyara.

Ba ki ga yadda muka mai da motar Kawu ba. Hiace ɗin nan tasa ce, muka cire kujerun baya, kafinta ya haɗa mana gado na katako mai ɗan tudu aka ɗora katifa. A ƙarƙashin gadon aka jera kaya: ƙaramin buhun shinkafa, soyayyar miya a roba, dambun nama, garin kunun tsamiya, tukunyar gas, jarkokin ruwa, butoci da tabarmi. Ummanku ta ɗinka labule ta rataya a tagogi. A saman mota akwai tamfol da sanduna, duk inda muka tsaya kafin a gama alwala Yayanki ya kafa rumfa. Da dare Ummanku da Auta su kwana a ciki, mu maza mu shimfiɗa tabarma a gefen mota mu ɗaura gidan sauro.

A Amurka da Turai akwai motocin da ake ƙerawa musamman don irin wannan tafiya, da gado da madafa da banɗaki duk a ciki. Ina yaro na sha ganinsu a Kano. Turawa ke ƙetaro Sahara da su ta Tamanrasset da Agadas da Damagaram, su sauka a sansanin masu yawon buɗe ido da ke titin Bompai, su yi wanki su shanya a jikin mota, su gyara abin da hamada ta lalata. Da yawansu daga nan Maiduguri suke nufa, su shiga Kamaru, su biyo ta Marwa da Garwa su gangara kudu. Mukan tsaya a bakin ƙofa muna leƙensu. Amma tafiya da gida a hannu ba Turawa suka kawo mana ita ba. Haka fatakenmu suka rayu: ayari da madugunsa, jakuna da takarkarai, mata na girki a zango, yara na girma a kan hanya. Suna fitowa daga Kano da Katsina da tufafi da baƙin rini da kayan fata, su shigo Adamawa, su koma da hauren giwa da goro, a wancan zamani har da bayi, abin da ba na alfahari ba ne amma ya kamata ki sani. Kakan Hajiya yana cikin waɗanda suka zo a irin wannan ayari, ya sauka a Garwa bai koma ba.

Hanyarmu kin san rabinta: Kano, Gombe, Numan, sai Jimeta inda muka kwana. Daga can muka bi ta Belel muka ƙetare iyaka. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza don shiga Kamaru, amma sai da fasfo da katin rigakafin shawara, mota kuma sai kwastan sun ba ta takardar shiga ta wucin gadi. Hanyar ta yi ƙura sosai, ga shingayen jandarma, kowane a sauko a nuna takardu. Mun bi ta Gashiga, la'asar ta yi mana a bakin Garwa.

A nan ne muka ɗan ja da Kawunku. Shi direba ne, lissafinsa na direba: a sha mai, a yi salla, a sayi burodi, a ƙetare gada, gobe war haka ana Ngaundere. Ya ce ya ratsa garin nan ba adadi, babu abin da ke cikinsa sai zafi da babura. Na tambaye shi ko ya taɓa sauka ya taka bakin kogi, ya ce a'a. Ko ya taɓa shiga babbar kasuwa, ya ce me zai saya. Na ce to ai tashar mai ka sani, Garwa kam ba ka zo ba tukuna. Mutanenmu da yawa haka suke tafiya, Mamana. Mutum ya je Ikko ya je Kwatano ya je Yawunde, in ka tambaye shi abin da ya gani sai ya lissafa maka tashoshin mota da farashin masauki. Ba na so ku tashi haka. Ummanku ta goyi bayana, muka nemi wani masauki mai faɗin tsakar gida, mai shi ya yarda mu ajiye mota a ciki mu biya kuɗin wanka da tsaro.

Abin da ya fara ɗaukar idona shi ne bishiyoyi. Darbejiya ce jere a kan tituna hagu da dama, manya, tsofaffi, inuwarsu ta haɗe a sama. Garin yana cikin kwari, a watannin Maris da Afrilu zafinsa kan haura digiri 40, saboda haka wanda ya dasa itatuwan nan ya yi wa mutane sadaka mai gudana. Titunan tsakiyar gari masu faɗi ne, ga filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa. Yawancin wannan gata daga zamanin Ahmadu Ahijo ne, shugaban Kamaru na farko, ɗan garin nan. An haife shi a 1924, ya fara aiki yana mai buga waya a ma'aikatar gidan waya, ya zama shugaban ƙasa a 1960, ya sauka da kansa a Nuwamban 1982 ya miƙa wa Paul Biya. Daga baya suka ɓata. Ya rasu a Dakar a 1989, a can kuma kabarinsa yake har yau. Duk dattijon da ka zauna da shi a garin nan, in hira ta yi nisa sai ya taɓo wannan magana, murya ƙasa-ƙasa.

Da safe muka fara da abin da ya kawo ni. Na bar su Yayanki a mota, ni da Ummanku muka hau babura muka shiga tsohuwar unguwa, wajen da lunguna ke matsewa har babur ɗin ma sai a sauka. Ban da sunan gidan da sunan mahaifin Hajiya babu abin da nake riƙe da shi. Wani tela na tambaya, ya kira wani tsoho, tsohon ya haɗa mu da yaro ya kai mu. Zaure ne na ƙasa da aka shafe da siminti, da ƙofar langalanga. Muka yi sallama aka shigar da mu.

A tsakar gida, ƙarƙashin bishiyar mangwaro, wata tsohuwa na zaune a kan tabarma tana tsince yakuwa. Ƙanwar Hajiya ce, 'yar baffanta. Idonta ya yi rauni. Da na durƙusa na faɗi ko ɗan wane ne ni, sai ta ajiye faifan, ta kamo kaina da hannu biyu tana shafa goshina da kunnuwana, tana salati, tana magana rabi Hausa rabi Fulatanci. Ta ce goshin gidansu ne. Muka yi kuka, ni da ita da Ummanku. Da ta natsu, tambayar da ta fara yi ita ce ko an mai da sunan Yayarta. Na ce an mayar, yarinyar tana makaranta. Ta ce, "Ka zo mini da kowa ka bar mini Yayata a gida?" Na ba ta haƙuri na ce karatu ne. Ta ce karatu alheri ne, amma zumunci a ƙafa yake, ita kuma ƙafarta ta ƙare, saura taku.

Ita ta ba ni labarin ranar da aka kai Hajiya gidan miji, labarin da ban taɓa ji daga bakin Hajiya ba. Da damina ne, kogi ya cika, aka sa amarya da 'yan rakiya da akwatinta a jirgin ruwa zuwa Yola, inda Alhaji kakanku yake ciniki a lokacin kafin ya koma Kano. Ta ce ta bi jirgin da gudu a gaɓa tana kuka har ƙaya ta soke ta, ta nuna mini wurin a tafin ƙafarta. Kafin mu fito ta sa jikarta ta ɗauko wata ƙwarya daga cikin ɗaki, tsohuwa, ta yi ja don daɗewa, bayanta duk zanen wuƙa mai zafi irin na matan Fulani. Ta ce da ita Hajiya take dama fura tana budurwa. Ta ce a kai miki. Ummanku ta naɗe ta da zane ta sa a cikin akwatinta, Auta ma ba a bari ya taɓa ba.

Daga gidan muka biya ta ƙofar fadar Lamiɗo. Dogarai na zaune a ƙofa, mutane na tuɓe takalma daga nesa, in kika rufe kunnenki ga Faransancin da ke tashi jefi-jefi sai ki ce a wata masarauta kike a ƙasar Hausa. Dalili kuwa a tarihi yake, wanda kuke karantawa a aji ba tare da an nuna muku inda ya faru ba. Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu a 1809, ya kafa ƙasar da ake kira Fombina, wato Adamawa, daga baya ya zauna a Yola. Garwa da Marwa da Ngaundere da Tibati da Banyo duk lamiɗansu Yola suke bi, Yola kuma tana bin Sakkwato. A 1893 Ingila da Jamus suka zauna a Turai suka ja layi, birnin Yola ya faɗa hannun Ingilishi, mafi yawan ƙasarta ya faɗa hannun Jamusawa. Lamiɗon Yola Zubairu ya ƙi yarda da duka biyun. Ingilishi suka fitar da shi daga Yola a 1901, a ƙarshen shekarar ya gwabza da Jamusawa a nan Garwa, aka rinjaye shi. Jamusawan ma ba su daɗe ba: a Yaƙin Duniya na Ɗaya sojojin Ingila da Faransa suka kewaye su a garin nan, suka miƙa wuya a watan Yunin 1915, Garwa ta koma hannun Faransa. Ko a 1961 layin bai gama zama ba, sai da aka yi ƙuri'ar raba gardama a watan Fabrairu, mutanen Mubi da maƙwabtansu suka zaɓi Najeriya. Ki lura da shekarun nan. Iyakar da muka tsaya a kanta ana duba mana fasfo, zuwan kakan Hajiya garin nan ya girme ta.

Azahar muka yi a babban masallacin Pumpumre, sa'an nan muka shiga kasuwa. Kuɗinsu sefa ce, amma ba irin ta Nijar ba: ƙimarsu ɗaya, bankunan da ke buga su daban, wannan ta ƙasashen tsakiyar Afirka ce. Harshen kasuwa Fulatanci ne, kowace ƙabila da shi take ciniki, na ofis da makaranta kuma Faransanci. Hausa ba ta bar mu a hanya ba, kusan kowane layi akwai mai jin ta, mahauta da masu tireda da masu shadda kuwa da yawansu Hausawa ne haihuwar nan. Kayan Kano sun cika rumfuna, robobi da takalma da atamfa, waƙoƙin finafinanmu na tashi daga shagon masu caji. A bakin titi ana sayar da man fetur a kwalabe, suna ce masa zuwa-zuwa, daga wajenmu yake ƙetarowa. Ummanku ta tsaya cinikin wani zane, ita da mai rumfar babu mai jin harshen wani, sai suka koma danna lamba a waya, wannan ta rubuta wannan ta goge, har suka daidaita suna dariya.

Abinci kuwa, da kina nan da kin more. Burodinsu dogo ne mai ƙarfin ɓawo irin na Faransawa, da safe ana ci da shayi ko a tsaga a zuba wake. Tsire soya suke ce masa. Tuwon dawa da miyar yakuwa mai gyaɗa shi ne abincin gida, shi aka aiko mana daga gidan su Hajiya da yamma a cikin kwanon sha mai murfi. Amma kifi ne sarki a garin nan. Mun zauna wajen wata mata mai gasawa a kan gawayi, ta tsaga giwan ruwa ta shafe shi da yaji da tafarnuwa da citta, tana fifita wuta tana juyawa. Kawun da ya ce babu komai a Garwa sai da ya ce a ƙaro.

Da rana ta yi sanyi muka tafi kogi. Gadar tana kudancin gari, ita ce hanyar Ngaundere. Muka ajiye mota muka gangara da ƙafa. Yanzu rani ne, ruwa ya ja baya ya bar faffaɗan yashi fari. Masu wanki sun shanya kaya a kan rairayi iyakar ganinki. Masu haƙar yashi na nutsewa da bokiti suna cika kwalekwale, in ya cika har bakinsa ya kusa shan ruwa sai su turo shi gaɓa, wasu su kwashe da shebur su loda wa tifa. Wani saurayi a cikinsu, jikinsa duk ya yi fari da busasshen laka, shi ya nuna mana inda za mu duba. Da farko ba mu ga komai ba sai wasu baƙaƙen abubuwa a tsakiyar ruwa kamar bayan tukwanen da aka kife. Sai ɗaya ta motsa kunne, ta yi wani huci, ruwa ya yi feshi, ta ɗago kai ta wage baki. Auta ya ƙanƙame ƙafata bai ce uffan ba. Saurayin ya ce da rana a ruwa suke wuni, da dare suke fitowa kiwo, har gonakin masara na bakin gaɓa suke shiga. Ya ce wadda ake tsoro ita ce mai ɗa, masunta ba sa bari kwalekwale ya ratsa tsakaninta da ɗanta. Dorina takan haura tan ɗaya a nauyi, tana kuma iya yin wajen minti biyar a ƙarƙashin ruwa ba ta leƙo ba. Ga su nan cikin gari, motoci na wucewa a kan gada, mutane na wanki, kowa ya san iyakarsa.

Wannan kogi shi ne Binuwai ɗin da muke ƙetarewa a Jimeta da Numan. Yana tasowa daga tuddan Adamawa, arewa da Ngaundere, ya karɓi Mayo Kebbi kafin ya iso Garwa, ya karɓi Faro a wajen iyaka, Gongola a Numan, ya je ya haɗu da Kwara a Lakwaja, tafiyar kusan kilomita 1,400. A da Garwa tashar jiragen ruwa ce ta gaske. 'Yan watannin da ruwa ke cika, jirage kan taso tun daga bakin teku a Najeriya da siminti da gishiri da mai, su koma da auduga da gyaɗa. Yaƙin basasarmu na 1967 zuwa 1970 ya tsayar da su, jirgin ƙasa ya iso Ngaundere a 1974 kaya suka koma bin can, tashar ta mutu.

Kin sha jin sunan Lagdo a rediyo duk damina. Madatsar tana kan wannan kogi, wajen kilomita 50 daga nan, 'yan Sin suka gina ta tsakanin 1977 da 1982. Ita ke ba arewacin Kamaru wutar lantarki, tafkinta kuma cike yake da masunta, har da Hausawa. In ta cika dole a buɗe ƙofofinta, ruwan kuma wajenmu yake gangarowa. An yi mummunar ambaliya a 2012, aka sake yi a 2022, wadda ta ci rayuka sama da 600 a Najeriya ta raba fiye da mutum miliyan ɗaya da gidajensu. A gida mun saba cewa Kamaru ta sako mana ruwa, a tsaya a nan. Ni ban ga adalci a hakan ba. Mutanen da ke zaune ƙasa da madatsar a nan ma ruwan yana cin gonakinsu da gidajensu. Kogunan da ke ƙara wa Binuwai ƙarfi, irin su Gongola da Taraba da Katsina-Ala, a ƙasarmu suke shiga cikinsa. Madatsar Dasin Hausa da ake ta maganar ginawa a jihar Adamawa don ta tare ruwan, shekara da shekaru ana faɗa ba a gina ba. In an zo wannan darasi a aji, ki faɗi duka ɓangarorin.

Wani abin da ya tsaya mini a rai shi ne auduga. Tun daga Gashiga muke haɗuwa da manyan motoci maƙare da ita, iska na kwasar ɓarɓashinta tana maƙalawa a ƙayoyin bakin hanya. Kamfanin Sodecoton, wanda aka kafa a 1974, hedikwatarsa a Garwa take. Yana ba manomi iri da taki da maganin feshi bashi, ya sanar da farashi, in an girbe ya saya ya cire bashinsa. Daga ƙwayar audugar ake tatsar man girkin da ake kira Diamaor, Ummanku ta sayi galan. Manoman suna da nasu koke-koke, amma sana'ar tana raye. Da na ga haka sai Funtuwa da Gusau suka faɗo mini a rai, da masaƙun Kaduna da na Kano da aka rufe. Ƙasa iri ɗaya, damina iri ɗaya, mu muka saki tamu.

Kamfanin ne ma ya haifi ƙungiyar ƙwallon garin, Coton Sport, wadda ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 2008, Al Ahly ta Masar ta doke ta. A cikinta ɗan wasa Vincent Aboubakar ya taso. Isa Hayatu, wanda ya shugabanci hukumar ƙwallon Afirka daga 1988 zuwa 2017, ɗan gidan sarautar garin nan ne. Duk Yayanki ya san wannan tun kafin mu zo, shi ya sa bai bar mu mun huta ba sai da muka kai shi filin Rumde Ajiya. A nan Najeriya ta buga wasanninta a gasar kofin Afirka a Janairun 2022. Ya tsaya a bakin ƙofa yana lissafa wa Auta: Iheanacho ya ci Masar ɗaya da nema, an ci Sudan 3 da 1, an ci Gini Bisau 2 da nema, sai Tunisiya ta fitar da mu da ƙwallo ɗaya. Wani mai sayar da lemo a wurin ya ce a ranakun nan rabin Yola da Mubi a Garwa suka kwana, 'yan gari kuma Najeriya suka mara wa baya. Kin tuna daren da Yayanki ya ƙi cin tuwo? To, ga filin da ya jawo.

Akwai wurin da na tsaya dominki ke kaɗai. Tunda kika ce dabbobi kike so ki karanta, na sa Kawu ya bi da mu ta makarantar horar da masu kula da namun daji, wadda aka buɗe a 1970. Ɗalibai na zuwa cikinta daga ƙasashen Afirka da dama, musamman masu amfani da Faransanci. An kafa ta a nan ne saboda manyan gandun daji uku da ke wannan yanki: na Binuwai, na Faro da na Buba Njida. Aikin da ake koya musu ba na wasa ba ne. A farkon 2012 mafarauta a kan dawakai suka shiga Buba Njida da bindigogi suka kashe ɗaruruwan giwaye don haurensu. Akwai kuma wani nau'in baƙin karkanda na yammacin Afirka da dazukan nan ne mafakarsa ta ƙarshe a duniya. An bincika a 2006 ba a ga ko ɗaya ba, a 2011 aka sanar cewa ya ƙare. Ya ƙare kina jaririya ko kafin a haife ki, ba za ki taɓa ganinsa ba, 'ya'yanki ma haka. In har da gaske kike, wannan fage yana neman mutane. Garin ya kuma samu jami'arsa a 2022.

Jiya Lahadi muka leƙa kasuwar Pitowa, arewa da gari kaɗan, a gindin dutsen Tingilin mai shimfiɗaɗɗen kai. Kasuwar mako ce, shanu da dawa da albasa da busasshen kifi. Iyakarmu ke nan ta arewa. Yayanki ya so a ce mun kai gandun dajin Waza, amma tun da aka sace wasu Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya a wajen a Fabrairun 2013 hanyar ta zama sai da shiri, rikicin Boko Haram ya taɓa can yadda ya taɓa Borno. Motocin Turawan nan masu ɗaki ma sun ɗauke ƙafa. Kada ki sa damuwa a ranki, kudu muka nufa, kuma ba ma tafiyar dare. Gobe in Allah ya kai mu, bayan asuba za mu ƙetare gada. Hanyar Ngaundere ba ta kai kilomita 300 ba, tana bi ta gefen gandun dajin Binuwai, daga ƙarshe a hau wani dogon hawa mai kwana-kwana da direbobi ke shakka. Kawu ya duba birki da ruwan inji tun da yamma. Shi da bakinsa ya ce in za mu dawo a sake tsayawa.

Yanzu ga abin da nake so da ke. Ki riƙe darasin Faransanci da kyau, ki daina ɗaukarsa na cike gurbi. Maƙwabtanmu Nijar da Chadi da Kamaru da Binin duk da shi suke aiki, na ga yadda muka koma bebaye a gaban jandarma. In akwai Bafulatana a ɗakinku, ki roƙe ta ta koya miki gaisuwa da ƙirga da 'yan kalmomin girmama manya, don tsohuwar nan ta fi sakewa da Fulatanci. Na yi mata alkawari zan kawo ki da babban hutu in Allah ya yarda, ita kuma shekarunta sun ja, ba alkawarin da za a ɗaga ba ne. Da na dawo za mu je a yi miki fasfo da allurar shawara. Lokacin damina ce, za ki ga kogin a cike yadda Hajiya ta gan shi ranar da ta bar gida.

Ki kula da salla a kan lokaci, ki riƙa sa rigar sanyi in za ki fita karatun asuba. In kuɗin hannunki ya ƙare ki faɗa wa Gwaggonki. Ki gaishe da malamanku da ƙawayenki. Ki rubuto mini amsa ki ba Gwaggo ta turo, ki faɗa mini abin da kike so in tambayo miki a wurin tsohuwar in mun biyo a dawowa.

Allah ya yi miki albarka, ya ba ki sa'ar jarrabawa.

Naki,
Babanki